Tafiyar Minti 40 Ta Kwantar Da Ni Kwana Uku: In Jira Ne Ko In Ci Gaba Da Fita?

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa: "Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 54. Na yi fama da ciwon huhu, wato nimoniya, har aka kwantar da ni a asibiti kwana 11, yanzu mako uku ke nan da aka sallame ni. Likita ya ce in riƙa ɗan takawa kullum, amma 'ya'yana sun ce in kwanta in huta, ko tsintsiya ba sa bari in ɗauka. Wata rana gari ya yi daɗi, na ji ƙarfi a jikina, sai na fita na yi tafiyar kusan minti 40, na dawo na yi wanki. Bayan nan na kwana uku ban iya ɗaga kai ba, kuma tun daga ranar tsoro ya kama ni. Ga yanayi ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, da safe sanyi da iska, da rana zafi, da yamma hadari. Shin in jira sai ƙarfina ya dawo kuma gari ya daidaita, ko in ci gaba da fita? Na gaji da zaman ɗaki, wani lokaci har kuka nake yi."

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ce.

Kin ajiye mini hanyoyi biyu kin ce in zaɓar miki ɗaya, ni kuwa ba zan ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. Jira ba zai dawo miki da ƙarfi ba, domin ƙarfin ƙafa da na numfashi ba ya komawa jikin da yake kwance, sannan tafiyar minti 40 da wanki a bayanta ta wuce abin da jikinki zai iya ɗauka a yanzu. Abin da nake so ki koma gare shi ƙarami ne ƙwarai, har kina iya raina shi, wato tattakin 'yan mintoci a kullum, irin wanda za ki iya maimaitawa washegari ba tare da ya kai ki kwance ba. Yanayin gari kuwa iyakar ikonsa ya canza miki lokacin takawar da wurin da za ki yi ta.

Bari in fara cire miki fargabar cewa jikin ya ƙi warkewa. Hukumar NICE, wadda ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya, ta bayyana abin da ya kamata mai nimoniya ya sa rai da shi daga lokacin da aka fara yi masa magani: zazzaɓi ya sauka cikin mako guda, ciwon ƙirji da kaki su ragu sosai zuwa mako 4, tari da haki su lafa zuwa mako 6, yawancin alamomin su gushe zuwa wata 3 ko da yake gajiya tana iya saura, sannan sai wajen wata 6 mafi yawan mutane ke jin sun koma yadda suke a da. Idan aka haɗa kwanakinki na asibiti da na gida, kina cikin mako na biyar ne kawai. Gajiyar da kike ji tana cikin lissafi, kuma ita ce alamar da ta fi kowace daɗewa. Dama ciwo farat ɗaya yake shiga, sauƙi kuwa sai a hankali.

'Ya'yanki ba su yi laifi ba, sun ga uwarsu a gadon asibiti ne, sun tsorata. Sai dai shawarar da suke ba ki tsohuwar shawara ce da likitoci da kansu suka daɗe suna bayarwa kafin su gane illarta. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, wanda ya sami bugun zuciya akan kwantar da shi kimanin mako shida cur, ba a bari ko zama ya yi. A 1947 wani likita a Landan, Richard Asher, ya rubuta gargaɗi a kan haɗarin doguwar kwanciya, inda ya lissafa yadda take ɓata huhu da jini da tsoka da ƙashi. A 1952 Samuel Levine da Bernard Lown a Boston suka nuna cewa ɗaga masu ciwon zuciya daga gado a zaunar da su a kujera bai cutar da su ba, a lokacin da abokan aikinsu da yawa ke ganin hakan ganganci ne. Gwajin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda aka yi a Dallas a 1966, inda aka kwantar da samari biyar lafiyayyu masu kimanin shekara 20 na tsawon mako uku. Da suka tashi, ƙarfin zuciyarsu da huhunsu wajen sarrafa iska lokacin aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Bayan shekara 30 aka sake gwada mutanen nan biyar, sai aka tarar tsufan shekara 30 bai rage musu abin da kwanciyar mako uku ta rage musu ba. Akwai kuma ɓangaren labarin da ya kamata ya kwantar miki da hankali: da aka sa su motsa jiki na kimanin mako takwas bayan kwanciyar, abin da suka rasa ya dawo, har da ƙari.

Waɗancan samari ne masu jini a jika. Ga wanda shekaru suka fara ja, asarar ta fi sauri, domin wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya gano cewa dattawa lafiyayyu da suka yi kwana 10 a gado sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafunsu. Ke kin yi kwana 11, kuma da cuta a jikinki. Kwanciya tana rage ruwan da ke cikin jini tun daga kwanakin farko, shi ya sa zuciya ke bugawa da sauri a kan ƙaramin aiki, kuma jiri ke ɗibar mutum idan ya miƙe zumbur. Tsokar sha-raɓa ita ce ke matsa jini ya hau daga ƙafa zuwa zuciya a duk takun da aka yi, idan ta daina aiki sai jinin ya kwanta, wani lokaci har ya daskare ya zama gudaji. Ƙasan huhu kuma, inda majina ke taruwa, ba ya buɗewa sosai sai mutum yana tsaye yana jan numfashi mai zurfi. Saboda haka wani kaso na raunin da kike ji na cutar ne, wani kason kuma na gadon ne, kuma wannan na biyun ba shi da magani sai takawa.

To me ya faru ranar da kika fita? Ki ɗauki ƙarfin mai murmurewa kamar rijiya ce da ruwanta ya ja baya. Tana tsatsafowa, amma a hankali. Idan aka ɗebi guga biyu aka bar ta, washegari za a tarar ta mayar, har ta ɗan ƙara. Idan kuwa aka ga ruwa ya taru aka yi ta zura guga har aka taɓo laka, sai an yi kwanaki kafin ta sake ba da abin sha. Ranar da gari ya yi daɗi jiki kuma ya yi sakayau ita ce ranar da ta fi haɗari ga mai jinya, domin a ranar ce yake ƙoƙarin biyan bashin duk kwanakin da ya yi a kwance. Ina kuma zargin wankin nan fiye da tafiyar. Sunkuyo da murza da matsa da ɗaga hannu sama wajen shanya aiki ne mai cin numfashi, kuma kin ɗora shi a kan jikin da ya riga ya ƙarar da guzurinsa a hanya. Kwana ukun da kika yi a kwance ba su nuna cewa tafiya ba ta karɓe ki ba, sun nuna yawan da kika ɗiba ne.

Ga yadda nake so ki sake farawa. Ki fara da minti biyar a ƙasa mai laushi marar tudu, ki kuma raba su biyu, minti biyu da rabi na tafiya, minti biyu da rabi na dawowa. Wannan rabon yana da muhimmanci, domin kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya yi ta tafiya har sai ya ji gajiya sannan ya juyo, ya manta cewa duk nisan da ya yi yana jiransa a hanyar komawa. Ki juyo tun kina jin da sauran ƙarfi. Saurin da ya dace shi ne wanda za ki iya yin magana da cikakkiyar jimla ba tare da numfashi ya yanke miki ita ba. Ɗan haki kaɗan ba laifi ba ne, kuma ba ya cutar da huhun da ke warkewa, amma idan ya kai sai kin tsaya tsakiyar zance kin ja iska, to ki rage sauri ko ki tsaya ki jingina. Shaƙar iska ta hanci da fitar da ita a hankali ta tsukakken baki, kamar mai hura abu mai zafi, tana taimakawa wajen lafar da hakin. Idan minti biyar ɗin sun zo da sauƙi, gara ki yi su sau biyu ko uku a yini da hutu a tsakani, da ki haɗe su wuri guda.

Alƙalin wannan tattaki shi ne washegari. Idan kika tashi da safe jikinki yana yadda yake jiya ko ya ɗan fi, abin da kika yi ya yi daidai. Ki tsaya a kansa kwana uku, sannan ki ƙara minti ɗaya ko biyu. Idan kika tashi kin fi jiya nauyi, ki koma adadin da ya gabata ki zauna a kansa wasu kwanaki, ba tare da kin ɗauki hakan a matsayin faɗuwa ba. Ki fara ƙara tsawon lokaci tukuna, sauri da hawan tudu su biyo baya, kuma kada ki ƙara abu biyu a rana ɗaya. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta mintocin da kika yi, da yadda gari yake, da yadda kika tashi washegari. Layi ɗaya ya isa. Amfaninsa shi ne mai murmurewa ba ya ganin ci gabansa, domin kullum yana auna kansa da yadda yake kafin ciwo, sai ya buɗe littafi ya ga mako biyu da suka wuce minti biyar yake yi, yau kuma goma sha biyu.

Idan wani ya kawo miki zancen taku 10,000 a rana, ki saurare shi da kunne ɗaya. Wannan adadi ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka fara sayarwa a Japan a 1965, ba daga asibiti ya fito ba. Binciken da I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta a 2019 a kan mata tsofaffi ya nuna cewa masu yin taku kimanin 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, kuma amfanin ya daina ƙaruwa a wajen taku 7,500. Haka nan minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara a 2020, wurin da ake son kaiwa ne bayan watanni, kuma hukumar da kanta ta ce kaɗan ya fi babu.

Akwai togaciya guda da ba zan tsallake ba. Wasu mutane bayan sun tashi daga cutar da ƙwayoyin cuta suka haddasa, sukan sami wata irin gajiya da ba ta bin ƙa'idar da na faɗa. Ƙaramin aiki, ko na jiki ko na tunani, sai ya jawo musu rugujewa bayan sa'a 12 zuwa 48, da ciwon jiki da dushewar tunani da barcin da ba ya wartsakarwa, kuma abin ya ɗauki kwanaki. Ga irin waɗannan, ƙara tafiya a kan jadawali yana iya dagula al'amari, shi ya sa a 2021 NICE ta janye shawarar ƙara motsa jiki mataki-mataki ga masu ciwon gajiya mai naci. Faɗuwa sau ɗaya bayan minti 40 da wanki ba ta isa a ce kina cikinsu ba. Amma idan kika ga minti biyar ma suna kwantar da ke haka, sau biyu sau uku, to kada ki yi ta maza, ki daina ƙarawa, ki tsaya a abin da jikin ke ɗauka, ki kai wa likita wannan bayani da littafinki a hannu.

Yanzu sai batun gari. Sanyin safiya da kika ambata shi ne na fi so ki kiyaya. Iska mai sanyi da bushewa tana tsuke hanyoyin numfashi, musamman waɗanda ba su daɗe da kumbura ba, sai ta tayar da tari da shaƙewa. Sanyi kuma yana tsuke jijiyoyin jini na fata, hawan jini ya ɗan ɗaga, aikin zuciya ya ƙaru. Iska mai kaɗawa tana kwashe ɗumin jiki fiye da yadda ma'aunin zafi zai nuna, kuma wanda ya rame a jinya ya fi saurin jin ta. Ba sai kin fita da sassafe ba. Ki bari hantsi ya ɗaga, raɓa ta bushe, sannan ki fita. Ki shaƙi iska ta hanci, domin hanci yana ɗumama ta yana jiƙa ta kafin ta isa huhu, idan kuma da sauran sanyi ki yafa mayafi mai laushi ya rufe hanci da baki. Tufafi marasa nauyi guda biyu ko uku sun fi guda ɗaya mai kauri, saboda kina iya cire ɗaya idan jiki ya ɗumama. Idan kin yi gumi, ki canza kaya da zarar kin shiga gida. Wata dabara kuma ita ce ki fara tafiyar kina fuskantar iskar, domin ta kasance a bayanki lokacin dawowa, sa'ad da ƙarfi ya ragu.

Zafin rana matsalarsa daban ce. Domin jiki ya huce, sai ya tura jini mai yawa zuwa fata ya kuma fitar da gumi, zuciyar da take ta faman kai jini ga ƙafafu sai ta sami aiki biyu, alhali ruwan jinin bai gama dawowa ba. Daga nan ne jiri da duhun gani ke zuwa. Ranar da iska ta cika da danshi, kamar gabanin saukar ruwa, ta fi ranar busasshen zafi wahala, domin gumin ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Ko lafiyayye yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba da aiki cikin zafi, wanda ya yi wata guda a ɗaki kuwa ya rasa wannan sabo. Ki bar tsakiyar rana ga hutu. Ki bi inuwa, ki sha ruwa kafin ki fita da bayan kin dawo, sai fa idan likita ya ƙayyade miki ruwan sha saboda zuciya ko ƙoda. Ranar da zafi ya tsananta ki rage mintocin da kika saba, domin minti goma a irin wannan rana sun fi minti goma na ranar lumshi tsada.

Ruwan sama shi kansa ba ya sa nimoniya, ƙwayoyin cuta ne ke sa ta, saboda haka yayyafi ba abin firgita ba ne ga wadda ta rufe jikinta kuma za ta canza kaya. Abin tsoro a ruwa shi ne santsi, domin ƙafar da ta yi rauni ba ta iya tare mutum idan ya zame, kuma karaya a wannan hali za ta mayar da ke gadon da muke ƙoƙarin raba ki da shi. Ki sa takalmi mai kama ƙafa wanda ƙasansa ba ya sulɓi. Idan kin ji tsawa ki zauna a ciki, kuma a bar minti 30 su wuce bayan tsawar ƙarshe kafin a fita. Iskar da ke gaban hadari takan taso da ƙura, ita da hayaƙi da hazo kuwa duk abokan gabar huhu ne a yanzu, don haka ki nisanci bakin titi mai cunkoson motoci da duk inda ake ƙona wani abu.

Ranar da gari ya hana fita, tattakin yana nan, wurinsa ne ya canza. Ki duba agogo ki yi mintocinki daga wannan bango zuwa wancan, ko a baranda, ko ki kama bayan kujera mai ƙarfi ki yi ta taku a tsaye. Ki ƙara da tashi da zama daga kujera sau biyar a hankali, wanda motsi ne mai gina cinyoyi, su kuwa cinyoyi su ne ke tashin mutum daga gado da bayan gida da mota. Na san zagaya ɗaki ba shi da daɗi, har mutum yakan ji kamar wauta yake yi. Amma da zarar an ce sai gari ya yi kyau za a motsa, kwana ɗaya sai ya zama huɗu, ranar da rana ta fito kuma a fita da zumuɗi a sake taɓo laka.

Ki duba magungunanki ma. Masu sa yawan fitsari da wasu na hawan jini suna ƙara jiri idan an miƙe, musamman cikin zafi, kuma akwai masu hana bugun zuciya tashi, waɗanda ke sa ƙirga bugun ya zama ma'auni marar tabbas. Idan cikin magungunan da aka ba ki akwai levofloxacin ko ciprofloxacin, ki sani cewa suna iya raunana agara, har bayan an gama shan su da makonni ko watanni, don haka sabon ciwo a bayan dunduniya dalili ne na dakatar da tafiya a nemi likita. Kada ki daina shan kowane magani da kanki. Kullum kuma idan za ki tashi daga kwance, ki zauna a bakin gado kamar minti ɗaya, ki motsa ƙafafu, sannan ki miƙe.

Ayyukan gida daga rijiya ɗaya ake ɗibar su da tattaki, kuma nan ne mata da yawa ke yin kuskuren lissafi, domin ba sa ƙirga aikin gida a cikin aiki. Wanka aiki ne, musamman da ruwa mai zafi sosai, wanda ke buɗe jijiyoyi har matsin jini ya sauka, saboda haka ki yi shi a zaune da ruwa mai ɗumi, kuma kada ki haɗa shi da fita a sa'a ɗaya. Hawan bene aiki ne. Doguwar hira da masu zuwa dubiya ma aiki ce, ko da a zaune ake yin ta, kuma ba rashin kunya ba ne ki ce za ki ɗan kishingiɗa. Ki zaɓi babban abu guda ɗaya a yini, sauran su zama ƙanana da za ki iya yi a zaune. Wanki da ɗaukar kaya masu nauyi ki bar wa yaran tukuna. Ki huta kafin gajiya ta zo, amma barcin rana kada ya wuce rabin sa'a ko ya kai yamma, don kada ya cinye na dare. Ki tashi ki sa kayanki kowace safiya kamar mai shirin fita, ki bar gado sai lokacin barci. Abinci kuma, ko ba kya jin sha'awarsa, ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki fifita mai gina jiki, domin tsokar da tafiya ke nema ba ta ginuwa da iska.

Kukan da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki bai wuce ni ba. Ƙuncin rai bayan doguwar jinya abu ne da aka sani, ga rauni, ga kaɗaici, ga mutum ya saba yi wa wasu hidima yau shi ake yi wa. Fita tana da rabonta a maganin wannan, ko da ba a yi nisa ba. Hasken waje, ko a ranar da gajimare ya rufe, ya ninka hasken ɗaki sau da yawa, kuma hasken safiya shi ne ke daidaita agogon jiki har barcin dare ya zo a kan lokaci. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa nazarin da ya yi a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda ya tarar marasa lafiyar da aka yi wa tiyata waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti, kuma ba su bukaci magungunan kashe zafi masu ƙarfi kamar su ba. Ƙaramin nazari ne, amma ya dace da abin da duk mai jinya ya sani a jikinsa. Ko ranar da ba za ki taka ba, ki fitar da kujera inda za ki ga sama. Idan kuwa ƙuncin ya zarce mako biyu a jere, ba kya jin daɗin komai, barci da ci sun lalace, to shi ma ciwo ne da ake magani, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi tari.

Su kuma 'ya'yanki, gardama ba za ta raba ku ba, aiki za ki ba su. Mai tsoro idan aka ce ya kauce sai tsoronsa ya ƙaru, idan aka ba shi abin riƙewa sai ya natsu. Ɗaya ya riƙa raka ki yana riƙe da agogo, shi ne zai ce a juya idan rabin lokaci ya cika, kuma hirar da za ku yi a hanya ita ce gwajin numfashinki. Ki nuna musu wannan amsa, ki kuma tafi da ɗayansu ranar komawa asibiti domin ya ji daga bakin likita.

Akwai alamomin da idan suka bayyana ba a jiran washegari. Ciwo ko danna a ƙirji, numfashin da ya sarƙe kina zaune ko ya fi na jiya muni ba dalili, tari da jini, suma ko jirin da ya kusa kayar da ke, bugun zuciya mai tsalle-tsalle ko wanda ya ƙi sauka bayan kin huta, leɓe ya canza launi, ruɗewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi tana ciwo, duk waɗannan na asibiti ne nan take, na ƙarshen kuwa saboda gudajin jini yana iya tasowa daga ƙafa ya toshe huhu. Idan zazzaɓi ya dawo ya kai digiri 38, babu tattaki a ranar, kuma a sanar da likita, domin yana iya nufin cutar ba ta gama fita ba.

Ga waɗanda suka haura shekara 50, ko masu shan taba, ko waɗanda alamominsu suka ƙi gushewa, likitoci sukan so a sake ɗaukar hoton ƙirji kimanin mako shida bayan nimoniya domin a tabbatar huhun ya washe. Shekarunki sun sa ki cikin wannan rukuni, kuma lokacin ya matso. Idan ba a ba ki rana ba, ki tambaya. Ki kuma roƙi a duba yawan jininki a wannan zuwan, domin ƙarancin jini bayan jinya yana kawo irin wannan haki da kasala, kuma gyaransa daban ne da na tafiya. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.